Hantar Kalla

Galma, ƙarshen watan Azumi, 1359

Daga Saude ɗiyar Malam Jima, zuwa ga Halidu ɗan Mahaman na Garhanga, mai koyon aikin likita a Dakar.

Gaisuwa da fatan kana shan ruwa lafiya. Mahaifinka lafiya lau, an gan shi kasuwar Keita. Gero ya yi kyau bana, amma gidana ba wanda ya kula da shi.

Halidu, Kalla ya rasu. Autana, wanda kuka kwana tabarma ɗaya da shi shekarar fara, lokacin da fara ta cinye gero, yunwa ta koro ku daga Garhanga. Ya dawo daga fadama da ciwon kai da zazzaɓi. Idonsa ya koma rawaya, ya yi ta amai baƙi kamar gawayi, mako bai cika ba Allah ya karɓi abinsa. Wannan na ɗauka. Wanda ya ba ni shi ya fi ni iko da shi.

Abin da ban ɗauka ba shi ne wanga. An yi mishi wanka, an sa shi likkafani, maza na jira ƙofar gida, sai ga wani likita nasara da ke rangadi, da gardi biyu, dogaran gwamnati, da mai yi mishi tafinta. Ya ce a aje makara. Ya buɗe likkafanin da hannunsa. Ya fiddo wani ƙarfe mai rami kamar karan dawa, ya caka wa ɗana ƙarƙashin haƙarƙari na dama, ya zaro tsoka kamar kan ɗan yatsa, ya jefa cikin kwalba. Ina tsaye bakin ɗaki ina gani. Na yi kururuwa, gardi ya gitta mini bindiga. Ba wanda ya tambaye ni. Ba wanda ma ya tambayi wace ce uwarsa.

Na riƙe rigar tafintan na ce, "Ina za ku kai ta?" Ya ce, "Dakar, Inna. Hanta ce, can ake dubawa."

To, kai kana Dakar. Ubana da kakanka ciki ɗaya suka fito, kuma ban taɓa roƙon ka komi ba. Ka nemo kwalbar nan, ka maido mini abin da ke cikinta in sa shi inda sauransa yake. An rufe mini ɗa da rami a jiki. Tun ranar nan in na tada salla ramin nake gani.

Kada ka aiko mini da ta'aziyya kaɗai. Ta'aziyya na sha ta har na ƙoshi.

Gwaggonka Saude

Dakar, Disamba 1940

Zuwa ga Gwaggo Saude.

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina lafiya, sai dai zuciya. Allah ya jiƙan Kalla, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri.

Gwaggo, ba daga takardarki na fara jin rasuwarsa ba. Kwalbar ta riga ta isowa, kuma ɗakin binciken da nake koyon aiki aka kawo ta. Aikina shi ne in sa irin wannan tsoka cikin kaki ta daskare, in yanka ta siriri fiye da fatar albasa, in shimfiɗa bisa gilashi, in rina. Na gama yankan sannan na juya kwalbar na ga an rubuta Kalla, Galma. Na fita waje na zauna ƙasa, har aka aiko a kira ni.

Bari in gaya miki dalilin aikin, don ke mai karatu ce. Kusan shekara ɗari uku da suka wuce, wani Ingilishi ya yanki ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya duba da madubi mai ƙara girman abu. Ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma, ya kira su ƙananan ɗakuna. Faransawa na cewa selil. Bayan shi wani mai saida yadi a ƙasar Holan ya goge nasa madubin, ya duba ɗigon ruwa, ya ga halittu na iyo ciki. Da farko ƙaryata shi aka yi. Sai shekara ɗari da suka wuce Jamusawa biyu, ɗaya mai binciken tsiro, ɗaya mai binciken dabbobi, suka gwada abin da suka gani, suka ce ashe duk mai rai da waɗannan ɗakuna aka gina shi. Albasar fadamarku, da akuya, da ni da ke. Su ma sun yi kuskure, sun zaci ɗakunan daga ruwan jiki suke daskarewa kamar gishiri. Wani likita Bajamushe ya gyara musu, ya ce kowane daga wani ya fito, ɗaya ke rabewa ya zama biyu. Shi ne kuma ya ce cuta cikinsu take farawa, don haka can za a neme ta. Har wani likita a Amirka ya yanki zuciyar ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. An sa tsokar cikin kwalba, ana ba ta abinci, in ji malamanmu ga ta nan tana raye tana girma, ba a san ranar mutuwarta ba.

Na duba hantar Kalla da idona. Selil ɗinta sun mutu tsaka-tsaka, wasu sun dunƙule sun yi ja. Babban likitanmu ya duba ya ce shawara ce, irin wadda sauro ke yaɗawa, mai share gari. Ba don tsokar nan ba, da ba a sani ba.

Maganar maido ta, ba zan iya ba. Tana cikin kabad mai makulli, kayan gwamnati ce yanzu. Ki yi haƙuri. Kalla ya taimaki mutane bayan ransa.

Ɗanki Halidu

Galma, watan Layya

Halidu,

Muna lafiya, waɗanda suka rage. Na gaishe ka don Musulunci ya ce a yi gaisuwa.

Kafin takardarka ta iso, aikinka ya iso. An bugo waya Madawa wurin kumandan, nasaran da ke mulkinmu, gardi suka cika garin. Sun bi gida-gida sun fasa randuna da tuluna, wai 'ya'yan sauro na ciki. Randar da uwata ta bar mini, da gindin bindiga aka fasa ta gabana. An tsare hanya, ba mai zuwa kasuwa, ba mai shigowa. Ɗiyar maƙwabciyata ta haihu Sabon Gida, uwar ba ta samu zuwa ba har aka yi suna. In na fita rijiya mata shiru suke yi. Wata ta ce da ƙarfi don in ji, "Gidan da suka ba nasara hanta ke nan." Mu muka ba da ita? Ni na ba da ita?

Sannan takardarka ta zo a buɗe, an bi layuka da yawa an shafe da baƙin tawada. Amma abin da ya rage ya ishe ni. Ka ce da hannunka ka yanka ɗan'uwanka kamar albasa. Ka ce, ga shi nan ina karantawa, "An sa tsokar cikin kwalba, ana ba ta abinci, tana raye tana girma, ba a san ranar mutuwarta ba."

Innalillahi. Wato ɗana rabi na kushewa, rabi na raye cikin kwalba kuna ba shi abinci? Mi kuke ba shi? Wa ke ba shi, kai? Ta yaya zai huta? Tun da na karanta layin nan ban iya cin abinci ba. Biba matarsa na cikin takaba, ta tambaye ni mi ka rubuto, na ce gaisuwa ce. Ka sa ni ƙarya da furfurata.

Na ga zancen wani da ya yanki ɓawon itace ya ga ɗakuna. Ɓawon itace ba shi da uwa, Halidu. Cikin duk malaman nan naka da suka yi ta yanka suna dubawa, wanne ne aka ce ya tsaya ya nemi izini? Wanne ne ya fara da gawar ɗansa? Ka ce Kalla ya taimaki mutane. Taimako mutum ke bayarwa da kansa. Wanda aka ƙwace da bindiga sunansa daban.

An kai ka ka koyi warkarwa, ka koyo fawa. In ba ka fiddo ɗana daga kwalbar nan ba, kada ka ƙara kira na Gwaggo.

Saude

Dakar, Fabrairu 1941

Gwaggo, kuma Gwaggo zan ci gaba da cewa.

Ina gaishe ki. Lafiyata lau. Ki gaida Biba.

Wallahi tallahi ba abin da ke raye na Kalla a nan. Zuciyar ɗan tsako nake nufi, ɗan kaza, a wata ƙasa mai nisa. Saboda yaƙi, masu duba wasiƙu sun shafe duk layin da na ambaci sunan wata ƙasa, suka bar miki rabin magana. Har komisariya, ofishin 'yan sanda, aka kira ni a kanta. Na wuni tsaye ina gaya wa wani ɗan sanda cewa yawancin mutanen da na ambata sun daɗe da mutuwa, wasu tun kafin a haifi kakansa. Ruwan da aka jefa hantar ciki kashe komi yake nan take, ya hana ruɓewa. Busasshiya ce cikin kaki. Ba ta ci, ba ta girma, ba ta jin komi.

Yanzu ni ma ki bar ni in yi nawa fushin. Kin kira ni mahauci. Mutum nawa aka rufe Galma da rawayan ido kafin Kalla? Labari ya zo muna cewa an ɓoye su, an ce iska ce, an ce sammu ne. Da an duba na farko, wataƙila da Kalla na fadama yanzu. Abin da ke kawo shawara ƙanƙane ne har madubinmu ba ya ganin shi. Sawunsa kaɗai muke gani cikin selil ɗin hanta. Wani likita ya gano sawun nan shekara hamsin da suka wuce, bayan ya duba gawawwaki masu yawa, kuma ba wata hanya da ta fi ta tabbas in mutum ya riga ya mutu. Saboda tsokar nan za a aiko masu lamba su yi wa garinku duka rigakafi. Randa ana gina wata.

Amma tambayarki ta hana ni sakewa. Na je wurin babban likitanmu na ce, "An nemi izinin uwarsa?" Ya ɗago kai ya ce, "Doka ba ta ce a nema ba." Na ce, "A ƙasarku ma hakanan ake yi, da bindiga?" Ya ce in koma bakin aikina. Na ce to a ba ni abin da ya rage, tunda an gama dubawa. Ya yi dariya. Ya ce samfuri ne mai kyau, ɗalibai za su yi shekaru suna koyo da shi.

Ga ni nan tsakani. Can an mai da ni bagidaje, nan kin mai da ni mahauci. Ilimin gaskiya ne, Gwaggo, na gani da idona. Yadda aka ɗauko shi daga gidanki zalunci ne. Duka biyun na sani, kuma ban san yadda zan yi da su ba.

Halidu

Galma, watan Gani

Ɗana Halidu,

Gaisuwa. Na yi jinya kaɗan, na samu sauƙi. Biba ta fita takaba, ta koma gidansu. Masu lamba sun zo, sun karce hannun kowa, an buɗe hanya.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau da yawa. Ɗan tsako! Na yi watanni ina kuka saboda ɗan tsako. Allah ya isa tsakanina da mai tawadar nan.

Na tahi Buza wurin Malam Hamani, wanda ya yi karatu tare da ubana. Na ba shi labarin duka. Ya ce, "Saude, wanda kura ta cinye da wanda ruwa ya tahi da shi, kina zaton Allah zai rasa inda suke ranar tashi? Zunubi na kan mai ƙarfen. Ɗanki cikakke ne wurin Ubangijinsa." Ya kuma yi mini faɗa kan nauyin da na ɗora maka.

Don haka ka bar ta. Ban yafe wa likitan nan ba, kuma ba zan yafe ba. Maganar ɓoye marasa lafiya da ka yi ta yi mini zafi, don akwai gaskiya ciki. Ka tsaya ka gama karatunka. In ka zama likita, ka riƙa tambayar wace ce uwar. Iyakar abin da nake so ke nan yanzu.

Gwaggonka

Dakar, Mayu 1941

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba, don tun takardar da kika kira ni mahauci ban ƙara ganin rubutunki ba. Kullum ina zuwa gidan waya, kullum a ce babu. Na gane. Shirun ya fi zagin ciwo.

To, na yi abin da kika ce. An fiddo gilashin Kalla ana koya wa sababbin ɗalibai, wani ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ta yi kyau!" Ban san lokacin da na ture shi daga kujera ba. Da aka aike ni maida kaya cikin kabad, na ɗauke kakin da gilasan duka na sa aljihu. Na ba Bilal, wani soja mutumin Keita da aka sallama, zai biyo ta Madawa. Suna cikin gwangwanin taba, na naɗe da farin ƙyalle.

Da aka nema aka rasa, babban likitan ya tara mu. Ban bari a tuhumi kowa ba, na ce ni ne. Ya ce in maido. Na ce ta yi nisa, ta kama hanyar gida. Ya ce na saci kayan gwamnati. Na ce, "Kayan wa gwamnati ta fara ɗauka?" An kore ni ranar nan. An rubuta cewa kada a ƙara ɗauka ta aikin asibiti ko'ina.

Shekara ɗaya ta rage mini. Ina son aikin nan, Gwaggo, kada ki yi zaton ba na so. Akwai abubuwa cikin selil da ba wanda ya gane su tukuna, na so in kasance cikin masu dubawa. Yanzu ina dako a tashar jirgin ruwa kafin in san inda zan nufa.

Ki rufe ɗanki. Ki gaya wa babana yadda kika ga dama.

Halidu

Galma, farkon damina

Halidu,

Ina lafiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Ban san yadda kake ba, mai dako.

Bilal ya iso da gwangwanin da takardarka tare. Na karanta ina tsaye, na zauna ban sani ba. Kai wane irin yaro ne? Na rubuta maka tun watan Gani na ce ka bar ta, ka gama karatunka! Na je gidan waya na Madawa da kaina na tambaya. Wai buhun wasiƙun ya kwana wata da watanni a hanya don babu man mota, yaƙi ya cinye. Wataƙila yanzu tana hannunka. Karanta ta ka ga abin da gaggawarka ta yi. Ba ka iya jira ba? Ba ka san ni ba? Ni da na yi maka duka shekarar fara sannan na ba ka tuwona, yaushe fushina ya taɓa kai shekara?

Na buɗe gwangwanin. Na zaci zan ga ɗana. Sai na ga ɗan kaki kamar gutsuren sabulu, da wani baƙin abu a tsakiya bai kai ƙwallon tsamiya ba. Na duba, na duba, hawaye ya ƙi zuwa. Na ce wannan ne ya ci karatun Halidu. Liman ya ce ba a tone kushewa, sai aka haƙa ɗan rami gefenta, aka sa duka ciki, aka yi addu'a. Da maza suka dawo suka ce an gama, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Na gode. Kuma ina jin haushin godiyar, don na san abin da ta ci.

Na hau jaki na tahi Garhanga, don ban yarda ubanka ya ji daga bakin kasuwa ba. Na same shi yana gyaran rumbu. Na gaya mishi duka, na ce ni na tura ka. Ya aje aikin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Nasara sun ɗauke mini shi da ƙarfi, na haƙura don an ce likita zai zama. Yanzu ba manomi ba, ba likita ba. Saude, ki tashi mini daga gida." Ya ce kada ka taka ƙofarsa. Na gaya mishi magana ni ma, irin wadda ba a rubutawa. Zai huce, amma ba bana ba.

Daga can na wuce wurin kumandan, na roƙi a maida kai. An bar ni zaune cikin rana har la'asar, sannan tafinta ya fito ya ce maganar Dakar ba a kwance ta nan.

Saboda haka ka aje dakon nan ka taho gida. Kada ka bi ta Garhanga, ka sauka wurina. Na share ɗaki, gona na jiran hannu, kuma garin nan ba mai iya duba mara lafiya daga nan har Madawa. Takardarsu ta hana ka asibiti, ba ta kwashe abin da ke kanka ba.

Kada ka zaci na huce. Faɗan da ke bakina ya fi ƙarfin takarda, kuma na gaji da mai tawada yana raba mini magana biyu. Ka zo ka zauna gabana in yi maka shi duka.

Gwaggonka Saude